Igiyar Shanya

A barandar asibiti Rufaida ta fara ganin Zayyad, ranar da aka rasa yayarta Habiba. Kowa na ta kansa, shi kuwa yana gefe yana kuka, ba wanda ya kula shi. Ita ma ba ta san abin da ya kai ta wurinsa ba. Ta miƙa masa hannu, ya riƙe, ya yi shiru. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan, kullum suna tare.

Yau tana tsaye a shagon kwamfutar Alkasim, a bakin kasuwar Tiga, ta kasa zama. Sau biyu yana tura mata kujera, sau biyu tana girgiza kai. Ta taka nan, ta taka can, ta dawo gaban allon tana rangaji kamar karan gero a iska. Gumi ya jiƙa mata baya.

Ƙarfe huɗu za a rufe shafin canjin makaranta. Yanzu uku saura kwata.

Makinta ya isa babbar jami'ar da ta zaɓa tun farko, ita ce kuma Alkasim ya fara buɗe mata. Yanzu makarantu sun sa kansu a intanet. Ka danna kibiya ka shiga ƙofa, ka juya dama ka juya hagu, kamar da ƙafarka ka je. Rufaida ta bi titi mai fitilu, ta shiga laburare mai hawa uku. Ita da ta koyi karatun littafi da tsofaffin takardun da ake ƙunsa ƙosai, sai ta kasa wucewa. Ta daɗe tana kallon kantocin littattafan.

Sannan ta ce, "Kai ni ɗakin kwanan mata."

Gado huɗu, tayil na ƙyalli, takardar dokoki manne a bango. Ta matso da fuskarta ta karanta har layin ƙarshe, ta ja da baya.

"Buɗo ɗayar."

"Wace ɗayar? Kwalejin nan da ko fenti ba ta da shi?" Alkasim ya saki linzamin kwamfutar. "Rufaida, da wannan makin naki? Wallahi mutumin nan naki ya gama da ke."

"Yaya Alkasim, rage murya don Allah."

"Au, kar ya ji? To Allah ya ba da haƙuri, ranka ya daɗe."

Da safe ma haka Inna ta ce mata: ki tafi abinki, ke kaɗai ce mai sonsa? Zai yi kewa, zai saba. Amma mutanensa na Doguwa sun aiko tun da damina, sun ce ranar da ta tafi makaranta, shi ma gida zai koma, don babu abin da zai zaunar da shi a Tiga. Doguwa ba Makka ba ce, Inna ta ce. Rufaida ta san ba Makka ba ce. Ta kuma san yadda ido ke mantawa da wanda ba ya gani.

Sau uku ta aika wa kwalejin tambaya. Ba amsa.

Hoton kwalejin ya buɗe da ƙyar, ya daskare, janareta ya yi tari ya mutu. Uku da minti goma. Alkasim ya fita yana jan igiya yana mita. Ita kuwa ta kai ƙofa ta komo, ta kai ta komo, leɓenta na motsi, wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wadda ita ma ba ta san tana yi ba.

Wuta ta dawo uku da rabi.

Wannan karon ita ta karɓi linzamin, a tsaye. Ta wuce ajujuwa ba ta kalla ba. Ta wuce laburaren, ɗaki ɗaya tal mai kanta shida. Ta kai ɗakin kwanan mata, inda kibiyar ke cewa a juya. Ba ta juya ba. Ta karkata hoton hagu, can ƙurya, inda mai ɗaukan hoto bai yi niyyar nunawa ba. Bayan ginin akwai bishiyar darbejiya, da famfo, da tabarma, da doguwar igiyar shanya.

"Ƙara girmansa."

"Wanki kika zo kallo?"

"Ƙara dai."

Ya ƙara. Ta ƙirga abin da ke kan igiyar da yatsa, tun daga wannan kan har wancan, ta sake ƙirgawa. Alkasim ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya duba da kyau, ya rufe.

"Kin tabbata?" ya ce. "In na danna, ba komowa."

Laburaren mai hawa uku ya faɗo mata a rai. Ta runtse ido.

"Danna."

Huɗu saura minti bakwai takardar ta fito da ɗuminta. Sai a lokacin Rufaida ta zauna, a bakin kujera. Ta kwance zanin goyo, ta sauko da Zayyad daga bayanta, ta tsayar da shi a cinyarta gaban allon, inda ƙananan riguna goma sha ɗaya ke shanye, kowacce ba ta fi tafin hannu biyu ba.

"Ka ga sa'o'inka can, ɗan Yaya Habiba," ta ce da ƙarfi. "Nan ba dokar da ta hana goyo, ba kamar waccan jami'ar ba. Na yi maka alkawari, duk inda zan yi karatu, a bayana za ka je."