Hannu na Ƙarshe a Takardar Rauda

Malam Kaumi ya ajiye fayil ɗin a kan tebur, ya daidaita gefensa da gefen teburin, sannan ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Buƙatarsa ba ta da wuyar ganewa. 'Yarsa Rauda ta nemi karatun haɗa magunguna, jami'a ta jefa ta Tsangayar Ilimi. Shi kuwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana shaƙar alli a makarantun Potiskum, ya san abin da alli yake yi wa huhu da mutunci, ya rantse 'yarsa ba za ta gaje shi ba. Dokar jami'a ta yarda ɗalibi ya sauya tsangaya. Doka ce a rubuce, kuma Malam Kaumi mutum ne da ya ɗauka abin da aka rubuta ana nufinsa.

Tsarin kuwa gwanin hikima, sai masu digiri. Dole shugaban tsangayar da za a bari ya sa hannu, shugaban wadda za a shiga ma ya sa hannu, kuma hannayen biyu su faɗo a zangon karatu ɗaya. Na farko ba ya sa hannu sai an fara zango. Na biyu ba ya sa hannu sai kwamitinsa ya zauna, kwamitin kuma ba ya zama sai an gama jarrabawa. Kafin hannun wannan ya bushe, na wancan ya mutu. Sai a koma farko, a sake hoto, a sake hatimi.

Tsakanin tsangayoyin biyu bai kai jifa ba. A kasuwar shanun Potiskum, bijimi kan sauya ubangida da musafaha ɗaya, kafin la'asar yana cikin tirela ya nufi Kurmi. Amma shi bijimi ba ya bi ta hannun kwamiti.

Ma'aikacin da ke bayan teburin, wani matashi mai suna Bilyamin, ya miƙe da fara'a.

"Baba, sannu da hanya. Mahaifina yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ka gaya masa kujerar da ya bar maka ba ta yi rashi ba, ka gaji hannunsa wajen ɓatar da takarda."

Bilyamin ya yi dariya, don ya ɗauka yabo ne.

A gida, can unguwar Bolewa, ba mai goyon bayansa. Matarsa Fanne kullum maganarta ɗaya: "Malam, yarinyar nan ta saba da inda take, ka ƙyale mutane su huta." Ita kanta Rauda, duk sanda ya taso da zancen, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, don Allah a bar maganar nan." Wannan ya fi komai ƙona masa rai. 'Ya'yan zamani ke nan, a danne musu haƙƙi su ce Allah ya ƙara. Bai taɓa barin ɗalibi ya bar jimla ba aya ba, ba zai fara da 'yarsa ba.

Saboda haka ya ci gaba da shiga motar haya. Ya zauna a inuwar dalbejiyar da ke ƙofar ofis, wadda yake cewa ita kaɗai ce ta ci gaba a harabar. An ce masa shugaba ya tafi taro, an ce ya tafi Umara, an ce sabo ne bai gama sanin aiki ba. Da aka koma aiki da kwamfuta, aka ce ya sake komai daga farko, ya sake. Abu ɗaya ya lura da shi: a ofisoshin nan ba a karanta takarda. Ana duba inda aka bar fili ne, a cike shi, ko a ƙi cikewa.

Sai Allah ya kawo yajin aiki. Zango ya miƙe kamar danƙo, ya haɗiye na bayansa, kwamiti ya zauna cikin ruɗani bai san wane zango ake ciki ba. Abin da hankali ya kasa, hargitsi ya yi shi: hannaye biyu suka faɗo a zango ɗaya.

Shi ya sa yau Malam Kaumi ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a.

Bilyamin ya juya takardun, ya sosa ƙeya.

"Baba, saura abu kaɗan. An fito da sabuwar ƙa'ida. Sai sashen da ɗalibar take ya shaida cewa tafiyarta ba za ta cutar da shi ba. Hannu ɗaya ne, na shugabar sashe. Amma yau zango yake ƙarewa."

Malam Kaumi ya miƙe. Ya ɗauki fayil ɗinsa, ya tsallaka harabar da saurin da gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa. Ɗalibai suna cincirindo a ƙofar ofishin, kowa da takarda a hannu. Suka dare masa. Sakatariya ta miƙe za ta yi magana, ya wuce ta, ya tura ƙofa ba sallama, abin da ya sha zane yara a kansa.

Shugabar sashen ta cire tabarau, ta taso daga kujerarta da sauri. Ya shimfiɗa takardar a gabanta, ya dangwala yatsa a filin da ya rage.

"Nan. Kuma ki karanta kafin ki sa hannu, ko da mutum ɗaya ya taɓa yin haka a jami'ar nan."

Ta karanta tun daga sama har ƙasa, kamar yadda aka koya mata. Sannan Rauda ta durƙusa har ƙasa, ta ce a hankali:

"Baba, in na sa hannu na sallami kaina, wa zai riƙe musu sashen?"