Gwangwanin Kuka

Hasiya ta sake jefa marfin kwalba a gwangwanin kuka.

A ajin jardan na ƙananan yara da nake koyarwa a unguwar Bukoki, kowane yaro yakan auna aikinsa da kansa kafin a tashi. In ya iya, ya jefa marfi a gwangwani mai fuskar murmushi. In ya kasa, mai fuskar kuka.

Hasiya ta fi kowa iyawa. Amma tun da na dawo daga takaba, kullum can take jefawa. Ina gani, ba na jin komai.

Ranar dai, kafin in kira uwarta, na durƙusa gabanta. "Hasiya, aikinki ya yi kyau. Me ya faru?"

"Nawa yana cikin na murmushi, Tanti," ta ce. "Wannan naki ne. Kullum sai ki manta."