Ranar Saita Zukata

Tun da aka fara dasa wa tsofaffi na'urar bugun zuciya, kowane wata sai sun je Gidan Awo an saita musu ita. A can ake ajiye wani ɗan guntun ƙarfe cikin akwatin sanyi, wanda aka ce ƙarfin wutarsa ba ya taɓa canzawa. Da shi ake gwada na kowa.

Tasalla ta kawo yayanta Malam Barau, tana ta leƙen layi, ta kasa zama. Da aka zo kansu, Injiniya Lauratu ta ɗora masa waya a ƙirji, ta ɗaure fuska.

"Baba, taka ma ta yi ƙasa kaɗan. Yau kowa haka, ba bambanci."

"Kowa, 'yata? Ni kuwa garau nake jin kaina."

Lauratu ta kai hannu za ta murɗa, sai ta tsaya. Ta taɓa akwatin, ta ji shi da ɗumi.

"Ku koma gida, Inna. Ba tasa ce ta kauce ba, tamu ce."

Tasalla ta riƙe mata hannu. "To mijina fa? Tun da safe kika saita masa, har ya tafi gona."

Lauratu ta zari mayafinta ta nufi ƙofa. "Wace gonar?"