Motar da Aka Rufe wa Baki

A allon motar Guguwa akwai wata 'yar fitila rawaya mai kama da tukunya, wadda ba ta kunnuwa sai iskar taya ta ragu. Da ta kunnu sai ƙara ta biyo baya, siririya kamar kukan ɗan tsako. Wannan kukan ne ya tsana.

Abokansa na filin tseren motoci ne suka laƙaba masa Guguwa. A gida Yaya ake ce masa, babban ɗan Inna, ma'aikacin ofis da ko murya ba ya ɗagawa. Sai ranar hutu yake zama wani mutum daban.

A filin tsere gudu yana zafafa taya, iskar ciki ta ƙaru. Shi ya sa kowa yake rage iskar tayoyinsa kafin ya shiga. Ita mota ba ta san da wannan ba. Da ta ga iska ta sauka ƙasa da iyakar da aka sa mata, sai ta kama kuka.

"Kai ne ke kuka ko motar?" abokinsa Dogo ya tambaye shi ana dariya. "Saukar mata da iyakar mana, mu samu lafiyar kunne."

Dogo ya ɗauko wata 'yar na'ura, suka jona ta a ƙasan sitiyari. Guguwa ya yi ta rage lambar har ta kusa ƙarewa. Fitilar ta mutu, kukan ya ɗauke. Ranar ya yi gudun da bai taɓa yi ba.

Da aka tashi ya tsaya wurin mai faci, aka cika masa tayoyi. Ya tuna da iyakar, amma Dogo ya riga ya wuce da na'urarsa. Ya ce a ransa ai mako mai zuwa ma zai dawo, me zai sa ya mayar yau ya sake saukewa gobe? Haka aka yi ta tafiya, mako na bin mako.

Wata safiya ƙanwarsa Auta, malamar jinya a asibitin garin da ke gaba da nasu, ta zo gidansa ta same shi yana shan shayi. Tata motar tana wurin makanike.

"Yaya, ka kai ni aiki don Allah, na makara."

"Ina da taro. Ga makulli can, ɗauki tawa."

"Wannan aljanar? Ina taɓa totur za ta tashi da ni sama."

"Matsoraciya kawai. Mai yi wa ƙarti allura suna ihu, ita ce ke tsoron mota?"

Ta fita, ta zagaya motar tana leƙen tayoyi kamar yadda aka koya mata a makarantar tuƙi. Irin tayoyin nan ne masu siririn gefe, waɗanda ko iska ta ragu ido ba ya ganewa.

"Bar wahalar da kanki," ya ce daga bakin ƙofa. "Motar nan ta fi ki wayo. In akwai matsala a taya, da kanta za ta gaya miki."

Ta shiga ta ja motar. Ashe akwai ƙusa a tayar baya. Iska tana ta sulalewa, motar kuma ba ta ce komai ba, don a lissafin da aka bar mata komai lafiya yake. A babbar hanya tayar ta yi zafi, ta fashe. Motar ta juya, ta bugi ƙarfen gefen gada, ta kife.

Auta ta rayu, amma likita ya ce lakarta ta yanke. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da za ta sake ji.

Da ta fara magana, shi ta fara nema. "Yaya, ka yi haƙuri da motarka. Wallahi ina ta kallon allon, ban ga komai ba. Ko ni ce ban lura ba?"

A nan gaban gadon ya faɗa wa Auta da Inna abin da ya yi. Inna ba ta zage shi ba. Ta dube shi kawai, ta ci gaba da gyara wa Auta matashin kai.

Bayan watanni aka dawo da Auta gidan Inna. Ranar da ya je, ya tarar da magini yana fasa dakalin ƙofar ɗakinta don keken guragu ya samu hanya. Tana zaune a tsakar gida, Inna tana ninke fararen kayan aikin Auta tana sawa a buhu.

"Inna, ki ba wa maƙwabciyarmu takalman nan," Auta ta ce. "Sababbi ne, ƙafarmu ɗaya."

Ya tsaya a bakin zaure da ledar magani a hannu. Ya rataye ledar a jikin ƙofa, ya juya ya fita.

Mai karatu, ƙarar gargaɗi ba don ta dame ka aka yi ta ba. Idan ka sauke ta saboda filin tsere, ka mayar da ita kafin motar ta hau titi, domin wanda zai zauna a kujerar nan bayanka bai san ka rufe mata baki ba.