Katakan Sulun Yaya

Ana fara kiran 'yan tseren sulu da katako a kan tudun yashi, Yaya ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Ban shafa wa katakaina kakin kyandir ba!"

Busasshen katako ba ya gudu a yashi. Ga shi Umma ta rantse, in Yaya ba ta shiga ukun farko ba, ta bar wasan ke nan.

Na juya katakan. Sai sheƙi suke, sumul.

Da muka koma gida Malaz, muka tarar da Umma tana kankare narkakken kyandir daga dutsen gugarta.

"Ta nawa kika zo?"

"Ta biyu, Umma."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baɗi sai na ƙara kyandir."