Ta'aziyyar Lapa Mai Shayarwa

Uberto Gavardi yana wasa takobinsa a bakin rijiya lokacin da ƙararrawar coci ta fara bugawa. Jana'izar yaron da ya kashe ake yi.

Sunan yaron Tadeyo, ɗan gidan Pelloni. Tun kaka da kakanni Gavardi da Pelloni ba sa shan inuwa ɗaya a birnin Verona. Laifin Tadeyo shi ne ya nemi auren Nikolosa, 'yar ƙanen Uberto, marainiyar da ya riƙa. Ita kaɗai ta rage masa. Ɗansa guda ya mutu yana jariri a shekarar annoba, can ƙauye wajen mai shayarwa, inda manyan gari ke kai 'ya'yansu har a yaye su. Ko gawar bai gani ba.

Da rana tsaka Tadeyo ya zo har ƙofa, hula a hannu. Ya ce in sunan ne matsala zai ajiye shi, a kira shi duk abin da aka ga dama. Uberto ya ce ba a tuɓe suna kamar riga, kuma jinin Pelloni ba zai shiga gidansa ba. Magana ta yi zafi, aka zare takubba. Da ƙyar Uberto ya sha, don bai taɓa karawa da wani bahago kamar shi kansa ba.

Nikolosa ba ta yi kuka a gabansa ba. Washegari ta tafi gidan mata masu zuhudu, aka aske mata kai. Ta aiko a gaya masa ya riƙe sunan Gavardi, ta bar masa.

Bai yi nadama ba. Ya tsare mutuncin gida, ko da babu wanda zai gaje shi.

Ƙararrawa ba ta daina ba aka buga ƙofa. Ya zaci masu ɗaukar fansa ne, ya buɗe da takobi a hannu. Sai ya ga Lapa, mai shayarwar da aka kai wa ɗansa, ta tsufa, sanye da baƙin mayafi, ƙafafunta duk taɓon hanya.

"Kin yi ɓatan kai, tsohuwa," in ji shi. "Gidan makoki yana ƙetaren gada. Je ki yi kuka da su, ai ke kika shayar da nasu ma."

"Nan na nufo, ranka ya daɗe."

Ta dubi takobin, ta dubi hannun hagun da ke riƙe da shi.

"Jarirai biyu aka kawo mini a waccan shekarar, naka da na Pelloni, zazzaɓi ya ɗauki nasu. Matar Pelloni ce ta riga zuwa da dakarun gidanta, ta rungumi mai ran, tsoro ya hana ni gaya mata ba nata ba ne. Allah ya ba ka haƙurin rashin ɗanka."