Yauƙin Butar Marigayi

Tun da aka hana yin sabuwar roba, tsohuwa ake narkawa a sake ƙerawa. Wadda ta faɗi gwaji kuwa, ƙwace ta ake yi.

Iya Tabawa ta kai fasasshiyar butar marigayin mijinta wurin jikarta Saudatu, ma'aikaciyar gwaji.

Saudatu ta narka butar, ta tsoma tsinke ta ɗaga. Robar ta zube tsululu.

"Iya, yauƙinta ya mutu. Ta sha narki da yawa."

"Ke 'yar nan, miya in ta tsinke zubarwa ake yi? Kuɓewa ake ƙara mata."

Saudatu ta waiga ƙofa, ta zare awarwaronta na roba, ta jefa ciki. Da ta sake ɗaga tsinken, zare ya miƙe bai tsinke ba.

"Shi ke nan," in ji Iya. "Da ke da kakanki zan riƙa alwala."